Kalmar da Ruwan Wanki Ya Cinye

Akwai abin da na yi da hannuna wanda ba zai bar zuciyata ba har ranar da za a sa ni a ƙasa. Shekarar da ta biyo bayan babbar ambaliya ce, lokacin korona ta fara lafawa an sake buɗe makarantu. Ba na ɓata lissafin shekarar, domin a cikinta na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in da takwas, gemu ya fara fari. Bayan la'asar muke taruwa a firamaren ƙauyenmu, mu cusa gwiwoyi ƙarƙashin teburan yara, muna bin haruffan Larabci ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya kai ni shi ne na gaji da dangwala yatsa a ofishin noma duk lokacin da za a karɓi taki. Ga kuma babban ɗana yana jami'a a birnin Madani, shi ne na farko a zuriyarmu da ya taka wurin, na ga bai dace a ce uban ɗan jami'a bai iya rubuta sunansa ba.

Shekarar farko ta yi wa yaron nauyi. Ya faɗi darussa biyu, aka ba shi dama ta ƙarshe, aka ce in ya sake faɗuwa za a sallame shi. Wannan duk mun sani a gida, amma ba wanda ya taɓa ɗauko zancen a gabansa. Ɗan fari ne, kuma mu har yanzu muna riƙe da kunyar ɗan fari yadda iyayenmu suka zo da ita. Ban taɓa kiran sunansa ba. In zan yi masa magana sai in ce "kai", in zan yi zancensa in ce "yaron nan". Hirarmu ba ta wuce ya karatu, lafiya lau, Allah ya taimaka.

Wajen ƙarshen damina ya zo hutun kwana uku. Ya rame, ba ya fita wajen abokansa, sai wani ɗan littafi da yake rubutu a ciki bayan magariba, da ya ji motsin mutum ya rufe. Da ya koma, uwarsa ta jiƙa jallabiyar da ya bari, sai da ta fara cuɗawa ta ji takarda a aljihu. Ta shanya ta a kan murfin tukunya, ta kawo mini, tunda yanzu ni ne mai karatu a gidan. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin yadda ta miƙo mini ita da hannu biyu.

Ruwa ya riga ya cinye kusurwar dama ta sama, daidai inda rubutu yake farawa. Kalmomi uku ne a kan takardar da manyan baƙaƙe, ta farko ta tafi, saura biyu. A ƙasa ga sunan yaron, ga hatimi, ga layuka takwas, kowane da ranar Talata, an sa alama a kan biyar. Ni mutum ne da ba na gaggawa. Kwana biyu ina haɗa haruffan nan, in karanta in sake, har suka tsaya mini. Ta tsakiya nafs. Ta ƙarshe ijabi.

Da na tabbatar da ta ƙarshen, sai na ajiye takardar. Wannan kalma na san ta tun kafin in san alifi. Ita ce ma'aikaciyar asibiti ta faɗa mana ranar da sakamakon gwajin yayana ya fito a lokacin korona. Ta ce ijabi, aka shiga da shi wani ɗaki, ba mu ƙara ganinsa ba, ko wankansa ba mu muka yi ba. A kunnena ijabi na nufin an duba an samu. To me aka duba a jikin yaron nan, me aka samu? Layukan Talatar nan kuwa na ɗauka ranakun allura ne, an yi biyar saura uku.

Yau in na tuna, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne waya tana aljihuna duk tsawon kwanakin nan. Malamin ajinmu ma yana nan, mutum mai riƙon sirri. Amma kunya ta hana ni tambayar ɗana, girman kai kuma ya hana ni kai wa malami, kada ya ga ɗalibinsa na wata bakwai ya kasa kalma biyu. Sai na nufi wani abokina tun na ƙuruciya, wanda ya yi gadin ƙofar wani asibiti shekara goma sha biyu, har mutanen gari suna tsokanarsa da daktor, shi kuma yana amsawa da gaske.

Ya ɗaga takardar ya duba ta a rana kamar mai duba hoton ƙashi. Ya ce nafs ai nafsiyat ke nan, ciwon ƙwaƙwalwa, ijabi kuma an gwada an tabbatar. Na ce da me ake gwada irin wannan, jini ake ɗiba? Ya ce akwai na'ura, hula ce ake kifa wa mutum a kai, shi da idonsa ya sha ganin ana shiga da ita. Ya ce karatun boko in ya yi yawa haka yake yi, ya lissafa mini mutum uku da ya sani. Na roƙe shi ya rufa mini asiri. Ya dafa ƙirji ya ce maganar ta mutu a nan.

Kafin Juma'a mata sun fara shigowa gidana jaje. Wata ta kawo turaren hayaƙi, wata ta ce dama ta lura da yadda yake kallon ƙasa. Uwar yaron ta daina cin abinci. Baffana, ƙanen mahaifina, wanda shi ne babba a danginmu kuma ya yi karatun littattafai, ya aiko a kira ni. Ya juya takardar ya ce shi dai ijabin da ya sani na ɗaurin aure ne, ijabi da kabuli, a bincika ko yaron ya yi aure a ɓoye. Ranar uwarsa ta yi kuka biyu, ɗaya na hauka ɗaya na suruka. Ni kuwa na koma gida ban san wanne zan roƙi Allah ya sa ya zama gaskiya ba.

Ana cikin haka, ina bakin tur'a, babbar magudanar ban ruwa, da hantsi ina gyara hanyar ruwa, sai ga wayarsa. Muryarsa wasai, abin da na daɗe ban ji ba. Bayan gaisuwa ya ce akwai abin da ya rubuta, yana so ya karanta mini, in yi haƙuri kada in katse shi. Ya fara karanto godiya. Ya tuno ranar jarrabawarsa ta gama sakandare, da aka kwana ana ruwa hanya ta zama laka babu motar da ta iya fita, na ɗora shi a kan jaki na shiga gaba ba takalmi har muka isa. Ya ce bai taɓa ce mini na gode ba, yau yana faɗa.

A wurinmu ɗa ba ya zaunar da ubansa ya yi masa irin wannan godiya. Mutum biyu na sani da suka yi ta: ɗaya yana kan gadon mutuwa, ɗaya washegari ya bi sahara ba a ƙara jin labarinsa ba. Na ajiye fartanya. Sai na ce, "Kana dai shan maganinka?"

Ya ce, "Wane magani, yaba?" wato baba.

Na ce, "To, shi ke nan. Allah ya yi albarka."

Ya yi dariya ya kashe. Dariyar ma ta ƙara tsorata ni.

Da na kai wa baffa wannan labari, ya ajiye zancen aure ya goyi bayan daktor. Ya yanke hukunci cewa a ɗauko yaron a kai shi wajen wani shehi can wajen garin Abu Na'ama, ya yi kwana arba'in ana ba shi rubutu, ba waya ba littafi. Na ce jarrabawarsa saura mako biyu, kuma ita ce ta ƙarshe, in bai zauna ba an kore shi ke nan. Baffa ya ce mai hankali ne yake jarrabawa. Ya ce in je da kaina, kada in faɗa masa gaskiya don irinsu ba sa yarda, in ce uwarsa ce ba lafiya. Na amsa da to. Ban ga wata hanya ba, kuma ban saba musu da baffa ba.

Na zaɓi Talata don in same shi a wurin allurar in ga likitan da idona. Ranar ce kuma layin ruwa ya zagayo kan hawashata, gonar da na gada a cikin aikin noman Jazira, gyaɗa tana tsakiyar cika ƙwaya. Wanda ya rasa layinsa sai ya jira wani zagayen. Na bar wa abokina daktor amanar buɗe ruwan, na hau mota da sassafe.

Daga kasuwar Madani na hau raksha, babur mai ƙafa uku, zuwa jami'a. Na nuna wa mai gadi takardar, ina jiran ya ja da baya ko ya sassauta murya. Ko a jikinsa, ya nuna mini wani gini da haɓa ya ci gaba da shan shayinsa. Ginin babu warin magani, babu masu fararen kaya, babu benci na masu jira. Ina tafiya ina duba ƙofofi har na ji dariya tana fitowa daga wani ɗaki. A jikin ƙofar an manna farar takarda da manyan baƙaƙe, na gane biyu daga ciki nan take kamar fuskokin maƙiya. Ta farkon, wadda ruwa ya cinye a tawa, tana nan lafiyarta lau. Harafi uku ce kacal, tun watan farko muka koye ta a aji. Ilm. Ilimi.

Na karanta na sake. Ilimin nafs na ijabi. Kada mai karatu ya ɗauka a nan na gane komai. Abin da na ce a raina shi ne, ashe har koya musu ciwon ake yi.

Ƙofar a buɗe take kaɗan. Samari da 'yan mata kamar goma sha biyu sun yi da'ira a kan kujeru, wata mata mai gilashi tana cikinsu, ba allo ba sanda. Ta sa kowa ya faɗi hali ɗaya mai kyau da ya gani a wurin na kusa da shi. Wani dogon saurayi yana cewa shi abin da ya gani a wurin wannan, in yana yi maka bayanin darasi ko sau goma ka ce ba ka gane ba, ba ya canza fuska. Na bi yatsansa da ido, sai ga ɗana, yana murmushi yana kallon ƙasa. Sai matar ta hango ni ta ce in shigo. Yaron ya ɗago. Murmushin ya ɗauke kamar an hure fitila.

Ta sallami ɗaliban, ta ce shi ya jira a waje, ta ba ni kujera. Na ciro takardar na zayyana mata komai da Larabcina na gona, har da hular da ake kifawa. Ta yi ƙoƙari ta danne dariya, da na kai kan shehi da kwana arba'in kuma fuskarta ta canza. Ta ce nafs zuciya da halin ɗan Adam kawai yake nufi, ijabin asibiti kuma daban, nasu daban. A asibiti ana neman abin da ake tsoro ne, in an same shi a ce ijabi. Su kuma abin da yake lafiyayye a jikin mutum suke nema su ƙarfafa shi. Ta ce yara da yawa suna zuwa daga ƙauyuka, kowa shi ne na ɗaya a makarantarsu, su iso nan su tarar da ɗaruruwan na ɗaya. In suka yi tuntuɓe ba su da wanda za su faɗa wa, domin duk dangi a kansu suka ɗora ido. To sai su zauna da su mako takwas. Kowa ya rubuta abu uku masu kyau da suka same shi a yini, ya gano inda ƙarfinsa yake, ya yanka babban aiki ƙanana ƙanana, ya rubuta wa wani godiya ya karanta masa.

Na ce, "Ustaza, godiyar nan ke kika sa shi?"

Ta ce ita ta ce a rubuta, amma shi ya zaɓi wanda zai rubuta wa.

Na koma kan bayaninta na farko. Na ce ko kamar yadda muke yi ne a gonar dawa, mai duba gona ya zo yana ƙirga tsutsa, mu kuma mu bi muna zaɓen zangarniya mai kyau mu ajiye don iri. Ta ce kusan haka ne, amma ba su ce babu tsutsa ba, wanda suka ga abinsa ya fi ƙarfin zama a da'ira likita suke tura shi, kuma babu abin kunya a ciki. Nan ta sake jefa ni cikin duhu. Na ce to shi yana da ciwon ko ba shi da shi? Ta ce, "Ya hajji, da ƙafarsa ya zo wurina, abin da ya faɗa mini nasa ne. Ga shi can a waje. Ka tambaye shi."

Shekara ashirin da ɗaya ban taɓa zama da yaron nan mu biyu a kan benci ɗaya ba sai ranar, a gindin wata bishiyar dalbejiya kusa da mai shayi. Ƙaryar da baffa ya ba ni tana bakina, na haɗiye ta. Na ce uwarka lafiya lau, ga abin da ya kawo ni. Na faɗa masa tun daga wanki har zuwa jaje. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Wa da wa suka gani?"

Na ce daktor, da baffa.

Ya ce, "Wato duk gari."

Shayinsa ya huce bai taɓa ba. Can ya fara magana yana kallon ƙafafunsa. Ya ce bayan faɗuwar nan ya yi kusan wata guda yana fita da safe da littattafai kamar mai zuwa aji, sai ya je bakin kogi ya zauna har azahar. In ya buɗe littafi baƙaƙen ba sa shiga. In ya tuna fuskar uwarsa ranar da aka raka shi mota, sai numfashi ya tsaya masa. Ya ce makon farko da aka ce su rubuta abu uku, shayi kawai yake iya rubutawa, shayi, shayi, shayi. Daga baya ya fara samun na biyu. Yanzu yana barci, yana karatu, yana jin zai iya jarrabawar. Ko abokin ɗakinsa bai san inda yake zuwa ranar Talata ba, don ya san abin da mutanenmu za su kira shi.

Na ce to ai wannan alhamdulillahi ce, sai an zo jami'a za a koye ta? Ya ce ita ce, sai dai mu a baki muke faɗarta mu wuce, su kuma sun ce a zauna a duba me ake gode wa. Sannan ya ce a cikin ɗan littafin nan da yake rufewa in ya ji motsi, har sau uku ya rubuta cewa babansa ya shiga makaranta. Ya ɗan yi murmushin da ba na daɗi ba, ya ce, "Ga shi karatun naka ne ya tona ni."

Ban taɓa jin magana ta dake ni kamar wannan ba, kuma ba da tsawa ya faɗe ta ba. Na ce ya tashi ya koma ga littafinsa, ba inda za a kai shi. Ya raka ni har bakin titi, ya tare mini raksha, ya juya.

Na iso gida ni kaɗai. Baffa ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau. Na leƙa hawasha na tarar ƙasa ta tsattsage, ashe daktor a wurin mai shayi ya wuni yana ba da labarin hula, ruwa ya wuce. Da na ce masa yaron lafiyarsa lau, ya ce ai duk haka suke cewa. Bayan sallar Juma'a na tsaya a ƙofar masallaci don in wanke ɗana, na fara bayani na sarƙe, na ce ilimi ne na neman abin da yake da kyau, na kawo zancen tsutsa da zangarniya, mutane suna kallona da tausayi. Na ji wani a baya yana cewa abin ashe na gado ne.

Yaron ya zauna jarrabawa ya ci, ya wuce aji na gaba. Amma labari ya kai masa cewa a ƙauye an sa masa suna Ijabi. Bai zo kaka ba, bai zo azumi ba, bai zo ƙaramar salla ba. Yana kira, muna gaisawa, in uwarsa ta ce yaushe, ya ce karatu ya yi yawa. Sai da babbar salla ya shigo, ya kwana biyu ya koma.

Har yau in aka ce in bayyana ilimin nan ba zan iya kai shi ƙarshe ba. Abin da na koya bai kai haka zurfi ba. Mutane suna cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne, gaskiya ne, amma ba rashin kalma ɗaya ne ya kayar da ni ba. Na kai takardar ɗana wurin kowa ban da mai ita, na kira hakan kunya. Kunyar da za ta hana ka tambayar ɗanka me ke damunsa, ta bar ka ka tambayi gari, ba ta rufa wa kowa asiri ba.

Bayan haka yaƙi ya zo, mun yi asarar da ta fi wannan nesa ba kusa ba, amma waccan ba ni na jawo ta ba. Wannan kuwa tawa ce, kuma na san adadinta: ruwa ɗaya da ya wuce ya tafi da sulusin gyaɗata, aboki ɗaya na shekara arba'in, wata goma da ƙafar ɗana ba ta taka gidan ubansa ba, da sunansa na yanka, wanda har yau akwai masu tsallake shi su kira shi Ijabi.